Launi Ya Yaudare Ni

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Jos, ya Anti da yara? Daura lafiya, ni ce dai na kasa zaune na kasa tsaye.

Kai ka koya mini a kemistiri in launi ya canja, ridoks ne, wato wani sinadari ya ba wani ilektaron. Jiya a ɗakin gwaje-gwaje na zuba ruwan gishiri cikin silba naitiret, ya yi fari fat, na ce ridoks. Malama ta ce musayar abokan zama ce kawai, ba wanda ya ba wani ilektaron. Aji suka kwashe da dariya.

Ranar Litinin jarrabawa. Yanzu duk abin da ka koya mini zarginsa nake yi. Ka kira ni, ka sa ni a addu'a. A gai da Anti.

Ƙanwarka,
Hadiza