Na Kusa Saran Baba Goni

Daren Lahadi, bayan sallar isha'i

Ɗazu a kasuwar Ɗanbatta abokina Sadisu ya kunna mini wani fim a wayarsa, na 'yar sanda mai farautar wani da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba jinin ne ya dame ni ba, yadda mai kisan yake bin mutum a baya ne, in ka tsaya shi ma ya tsaya.

Gab da magariba na ratso gonakin dawa da sabon lauje a hannu, dawa ta shanye ni. Sai na ji taku a bayana. Na tsaya, takun ya tsaya. Na juya a firgice na ɗaga laujen.

Ashe Baba Goni ne, maƙwabcinmu, yana dogara sanda.

Ya ce, "Auwalu, idon nan ba ya gani da yamma, shi ya sa nake bin farar rigarka."

Na riƙe hannunsa har ƙofar gidansa, yana ta sa mini albarka. Bai ga laujen ba. Ya Allah, da na sauke hannun nan fa?