Sai Na Kira Ka da Bakina

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aikin fasa dutse, ya gwiwar nan da kake ɓoye mini ciwonta? Mama na gaishe ka, yara ma haka. Tunda wurin naku ko waya ba ta shiga, direban da ke kai muku kaya zan ba wannan takarda.

Baba ba lafiya. Ya faɗi a shago yana cikin goge katako, maƙwabcinsa mai walda ya kai shi asibiti. Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce. An sallame mu, yana ɗakinsa, yana cin abinci, yana gane kowa. Amma hannun dama ya mutu, bakin kuma ya ƙi. Auta, Baba ba ya magana. Mutumin da in ya yi gyaran murya a bakin ƙofa kowa ke gyara zama, yau da ido yake neman ruwa.

Na san abin da za ka tuna mini, ai ina wurin. Wani da Baba ya yi wa kabad ya dawo shago yana ƙorafi ƙofar ba ta rufuwa, kai kuma da bakinka mara linzami ka ce a gabansa idon Baba ne ya fara gajiya, awon ya kuskure. Gaskiya ka faɗa, amma a gaban baƙo? Da aka dawo gida ya ce kada ka sake shigo masa gida sai ya kira ka da bakinsa. Maimakon ka durƙusa, sai ka ce "na ji." Da ma gardama ka yi, a yi faɗa a huce. Wannan "na ji" ɗin naka shi ya buga ƙusar ƙarshe, ga shi shekaru suna ta tafiya.

Ka san shi. Bai taɓa sa hannu a takardar ciniki ba. In ya ce "na karɓa," aikin ya hau kansa ko da katako zai yi tashin gwauron zabi. Kai ma haka ka taso, ƙeyarku ɗaya, taurin kanku ɗaya. Amma yanzu ba lokacin wannan ba ne. Ka zo.

Taka,
Yaya

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikinka? Amsarka ta iso, layi uku kacal, kamar da kuɗi ake sayar maka da tawada. Ka ce ba fushi kake ba, umarnin uba kake bi, kuma in na rantse maka cewa ya faɗa da bakinsa, a ranar za ka hau mota.

To bari in gaya maka abin da na gani. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa koya masa magana. Takan riƙe masa madubi, ta motsa leɓenta, ya kwaikwaya kamar yaron goye. Ya fara iya cewa rabin "ruwa." Da ta tafi na zauna a gefen gado na tambaye shi ko in kira ka. Ya damƙe wuyan hannuna da hagu har sai da ya yi shati, ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Ya buɗe baki, na ga harshen yana neman sunanka, amma iska ce kawai ta fito da miyau. Ya gwada har jijiyar wuyansa ta tashi. Daga nan ya doki katifa, ya juya fuska bango, hawaye na gangara masa cikin kunne. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, wallahi na tsorata.

Wannan bai ishe ka ba? Na san me za ka ce, gyaɗa kai ba kira ba ne, da baki aka kore ka, da baki za a dawo da kai. Abin haushin shi ne, na san shi ma haka zai ce in da yana iya cewa.

Mama ta ce in rantse kawai, Allah ya ga niyya. Mijina ma ya ce haka. Na zauna da biro zan rubuta, hannuna ya ƙi. A gidan da na tashi, rantsuwa ba abin wasa ba ce, kuma kalmar ba ta fito ba. Ma'aikaciyar ta ce yana samun ci gaba, a yi haƙuri. Ka haɗa kayanka ka jira. Ranar da ya faɗa zan rantse maka da zuciya ɗaya.

Yayarka

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya, kai ma ka yi mini. Allah ya yi wa Baba rasuwa da safiyar Talata, ina goge masa fuska. Kafin direbanku ya biyo ta nan an riga an binne shi. Allah ya jiƙansa. Ka ci abinci don Allah, na san halinka.

Za ka so ka sani, don haka ba zan ja maka rai ba. Bai faɗa ba. Ya koyi "ruwa," ya koyi "sannu," ya kusa iya sunan Mama. Naka ne ya gagara, don duk lokacin da ya ɗauko shi sai kuka ya shaƙe shi. Ma'aikaciyar ta ce kalmar da mutum ya fi so ita ta fi wuyar fitowa. Ban san ko gaskiya ne ko lallashina take ba.

Ina jin haushinka, ina jin haushinsa, amma na fi jin haushin kaina. Kalma biyu ka nema a wurina: "na rantse." Da na rubuta su, da ka same shi da ransa, da ya riƙe hannunka kamar yadda ya riƙe nawa. Na tsaya tsare bakina, kai kana tsare naka, shi nasa ya kulle, ashe duk gidan ciwo ɗaya ke damunmu.

Yanzu wanda ya ɗaura maganar ya tafi da ita. Mama ta ce ita ta kira ka, ni ma na kira ka, amma na san za ka ce ba mu muka kore ka ba. Ba zan sake yi maka gardama ba, na gaji. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo ko bakin titi ne, ka tsaya gaban shagon mai walda da ke kusa da gida. Ba sai ka shigo ba. Zan riƙo hannun Mama mu fito.

Ka huta lafiya.
Yayarka