Sunan da Inna ba ta faɗa

Tudun Fulani, Minna
3 ga Maris

Ƙanena Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sa'adiya da ɗalibanka na Wushishi. Mu ma lafiya, sai jikin Inna da yake nan jiya i yau. Tun da ɓarin jikinta ya shanye hannun dama bai motsa ba, na hagun kuma rawa yake, ko cokali ba ya riƙewa.

Barinta ita kaɗai ne yake hana ni sukuni. Ina kasuwa ina auna wa mutane atamfa, hankalina yana gida. Jiya na je shagon Christopher mai wayoyi. Ya nuna min mai manyan madannai, na ce da wane yatsa za ta danna? A ƙarshe na ɗauki wadda ake yi wa magana, ka faɗi sunan mutum ta kira shi. Na ce ya sa sunana kaɗai, kada a rikita tsohuwa. Na gwada sau uku a gabanta, wayata ta yi ƙara, Inna ta gyaɗa kai. Na rataya mata a wuya.

Ka gaida mutan gidan.
Yayarka, Rabi'atu

11 ga Maris

Zakiyyu,

Sallama da fatan alheri. Yaya aiki, yaya iyali?

Ranar Talata Inna ta zame daga kujera tana miƙa hannu ga buta. Tun hantsi take kwance a tsakar gida, cikin ranar Minna da ka sani, har azahar da maƙwabciyarmu Hannah ta leƙo. Leɓenta duk ya bushe. Wayar tana wuyanta, da cajinta, lafiya lau.

Na yi ta zagin waya, sai Hannah ta tambaye ni ko na taɓa jin Inna ta kira sunana. Sai a lokacin na farga. Kai ɗan auta da ake kiranka sau goma a yini ba za ka gane ba. Ni ce 'yar fari, ga shi sunan surukarta aka sa min. Shekara arba'in da ɗaya, daga "ke" sai "waccan". Ni na yi ta faɗin sunan a ranar gwaji, ban taɓa cewa ta gwada ba, ita kuma kunya ta hana ta ce min ba za ta iya ba.

Na roƙe ta har da kuka, na ce rai ya fi kunya. Ta kau da kai kawai. Christopher ya tafi Legas sai mako mai zuwa, ni kuwa ka san ni da waya, ban iya canza komai ba. Hannah tana leƙa ta, amma ita ma da nata aikin. Tsoro nake ji, Zakiyyu. Ina tsoron wayar ta yi shiru, ina kuma tsoron ta yi ƙara, don ban san abin da zai kai Inna ga faɗin sunan nan ba.

Ka sa mu a addu'a.
Rabi'atu

15 ga Maris

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida Sa'adiya. Da fatan kun tashi lafiya.

Jiya da la'asar wayar ta kira ni. Da na ga lambar Inna gabana ya yanke ya faɗi. Na ɗauka, ban ji komai ba sai numfashi. Ko rumfa ban rufe ba na tare keke, ina salati har gida, na riga na gama ganin gawa a raina.

Na same ta zaune daram a kujerarta, ba ƙwarzane. Ashe Hannah ce ta shigo da labarin wai wata mota ta buge keke a hanyar Bosso, har da wata mai atamfa a ciki, sannan ta fita neman ƙarin bayani ta bar Inna ita kaɗai. Inna ta dube ni daga sama har ƙasa, ta kau da kai, ta ce a ba waccan ruwa ta sha.

Ranar da ta zame, awa uku ta yi a rana ba ta faɗi sunan don kanta ba, sai jiya ta faɗe shi don ni. Christopher zai kawo wata wayar mai madanni ɗaya babba wanda ko da haɓa ana dannawa, kuma ita za mu sa mata. Amma wannan wayar ba zan mayar ba. Ita kaɗai ta taɓa jin sunana a bakin Inna.

Allah ya bar mana ita.
Yayarka, Rabi'atu