Ni Ce Na Ƙi Buga Katifa

Kafanchan, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana Leonard,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Catherine da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Kullum kuna cikin addu'armu, Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya ƙara maka ƙarfin riƙon gida. Mu nan sai godiya. Mama tana Kagoma, ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma zuwa taron Zumuntar Mata. An fara haƙar citta, bana ta ɗan yi kyau, doya ma ba laifi. Ƙanenmu Justin kuwa yana ta zirga-zirga a kan mashin tsakanin nan da gida, ya rame kamar shi ne mai jinya. Ka san dalili, kuma dalilin ne ya sa na ɗauki biro.

Za ka ce me ya hana ni kiran waya. Ai na kira, sau uku. Kowane kira, kafin in kai ƙarshen maganata ka karɓe, ni kuma yanzu ba ni da halin ɗaga murya a waya na minti goma, don haƙarƙari ba ya yarda. Takarda dai ba za ka iya katse ta ba. Endurance na gidan maƙwabtanmu zai koma Fatakwal ranar Alhamis, shi zai kawo maka ita hannu da hannu. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Bari in fara da jikin, tunda kowa ya mai da haƙarƙarina abin hira. Ranar Asabar da ta wuce aka cika mako biyar. Hoton ƙirji ya nuna ƙashi biyu ne suka tsage a gefen hagu, ba su goce daga wurinsu ba, huhu kuma lafiya lau. Makon farko na sha wuya, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa sanin da haƙarƙari mutum yake dariya ba sai yanzu. Atishawa ɗaya sai hawaye. A zaune nake barci da filo uku a baya. Mama ta zo daga gida da man kaɗe, ta gasa mini wurin da ruwan zafi, ta ɗaure mini ƙirji da zane tamau kamar buhun citta, ta ce haka aka yi wa Baba lokacin da ya faɗo daga kan rumbu. Kwana uku ina numfashi sama-sama, sai ga zazzaɓi da tari. Da na koma asibiti nas ɗin ta kwance zanen tana faɗa, ta ce haƙarƙari ba a ɗaure shi, in mutum bai ja numfashi har ƙasa ba majina ce ke taruwa a huhu. Ta ba ni maganin rage ciwo, ta ce kowace awa in ja dogon numfashi sau goma ko da zafi, in tari ya zo in rungume filo in yi shi. Mama ta yi kwana biyu tana fushi da nas ɗin, daga baya kuma ita ce ta zama mai ƙirga mini, in na kai na bakwai ta ce bai cika ba, in sake. Yanzu ina takawa har tashar jirgi in dawo, na koma makaranta ina koyar da wasanni, busa usur ne kawai nake ba wani malami. Likita ya ce sai sabuwar shekara zan iya faɗuwa a katifar judo.

To, ga abin da ya faru, daga bakin mai haƙarƙarin, ba daga bakin ƙanwar Baba, Anti Milka ba, wadda ba ta taɓa taka ƙofar ɗakin da muke judo ba. Shekara shida ke nan ni da Serah muna karawa, ta hannuna ma Justin ya san ta har ya nemi aurenta. Ranar Asabar ɗin muna shirin gasar jiha, kocinmu Malam Gershon ya haɗa mu. Ta kayar da ni kaye mai kyau, irin wanda ni ma na yi mata ya fi sau ɗari, na faɗi a gefen hagu, na ji wani abu ya soke ni. Serah ta ga fuskata, ta tambaye ni ko lafiya. Koci ma ya tambaya. Na ce ba komai, a ci gaba. Da muka koma ƙasa ta danne ni, ƙirjinta a kan nawa, hannunta a wuyana, yadda doka ta ce. A judo, in an danne ka ka ji ciwo, abin yi ɗaya ne: ka buga katifa sau biyu da tafin hannu, nan take abokin karawarka ya sake ka. Ba abin kunya ba ne, shi ake fara koya wa kowa ranar da ya shigo. Hannuna na dama a sake yake, Yaya. Serah da bakinta ta ce mini a kunne in buga, ta ji numfashina ba daidai ba. Na ƙi.

Ka san abin da ya hana ni? Na ce a raina, yarinyar da za ta shigo gidanmu amarya, wadda nan da wata biyu za ta riƙa rusunawa tana gaishe ni, ita ce za ta sa ni buga katifa a gaban mutane? Kuma kai ne ka koya mini kokawa a yashin rafi muna yara, kana cewa ɗan gidanmu ba ya cewa ya gaji. Ban ce laifinka ba ne, amma wannan taurin kai ba a kasuwa na saye shi ba. Sai na kafa ƙeya da dugadugai, na banƙare, na murɗa da duk ƙarfina ta gefen da ke ciwo. Na ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Kafin koci ya buɗe baki Serah ta riga ta sake ni. Ita ta ɗauke ni a hannu har bakin titi ta sa ni a keke napep, ita ta zauna da ni a asibiti tana kuka, ni mai ciwon ina ba ta haƙuri.

Kai kuma daga Fatakwal, ba ka tambaye ni ba, ba ka tambayi koci ba, ka yanke hukunci. Ka ce wa Mama matar da ta karya yayar miji tun kafin ta shigo, gidan za ta karya in ta shigo. Ka ce wa Justin ya nemi mace mai kunya, ba 'yar kokawa ba, ka manta uwa ɗaya ta haife ka da 'yar kokawa. Ka ce ba za ka zo bikin ranar sha huɗu ga Disamba ba, kuma in Fasto ya fara sanarwar aure a coci za ka kira shi ka ce iyali ba su yarda ba, tunda kai ne babba bayan rasuwar Baba. Na san tsoro ne ya kama ka da ka ji ina asibiti. Na sani, kuma na gode. Amma tsoron naka ya faɗa a kan wadda ba ta yi laifi ba, kuma na ji haushinka ƙwarai.

Bari in gaya maka abin da maganarka ta haifar a nan. Serah ta daina zuwa horo. A shagonta na ɗinki mata suna shigowa ba don ɗinki ba, sai don su ga hannun da ya karya ƙashi. Kwana huɗu da jin ciwona ta kawo mini fate a kula, Anti Milka ta tare ta a bakin ƙofa ta kore ta da kular, ina ciki ina ji, na kasa tashi da sauri in hana. Makon jiya ta ce wa Justin ya karɓi zobensa, ba ta so ya rasa yayansa saboda ita. Bai karɓa ba. Ya zo ɗakina ya zauna a ƙasa, ƙato da shi, yana share hawaye, ya ce shi bai san wanda zai bi ba, kai da ka biya masa makaranta ko ita. Ko rungume shi ban iya yi ba saboda ƙirjin. A ranar na ce zancen nan ya ishe ni haka.

Jiya Lahadi aka yi sanarwa ta farko a cocinmu na Kagoma. Likita ya hana ni hawa acaɓa, sai na shiga mota, na rungume filona tun daga tasha, fasinjoji suna kallona suna danne dariya, kowane rami kuma na ji shi har cikin kai. Iyayen Serah sun zo tun daga Fadan Kaje, suna zaune a benci na uku. Fasto ya karanta sunan Justin da na Serah, ya tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa su. Sai na ga Anti Milka tana gyara ɗaurin zane za ta tashi. Na san ka kira ta ranar Asabar, ba ta iya ɓoye magana. Yanzu tashi tsaye sai na dafa abu, amma jiya na riga ta. Na ce wa Fasto ina da magana, amma ba ta hana aure ba ce. Na gaya wa jama'a duk abin da na rubuta maka a sama, ban rage ko ɗaya ba. Na ce an ce in buga na ƙi, girman kai ne ya karya ni, ba Serah ba. Na juya wajen iyayenta na roƙi gafara saboda abin da 'yarsu ta sha a dalilina. Kusan mako biyar ina jan dogon numfashi kowace awa, muryar ta kai har bencin baya. Anti Milka ta koma ta zauna, ta shiga neman wani abu a cikin jakarta. Da aka tashi, Mama ce ta fara zuwa ta kama hannun uwar Serah.

Kada ka ɗauka na zo in ce maka na yi nasara. Bayan sujada Fasto ya kira ni gefe, ya ce ya ji, kuma ya yarda da ni, amma saura Lahadi biyu, kuma maganar babban ɗa tana da nauyi. Ya ce in ka kira shi da kanka ka ce ba ka yarda ba, dole ya ɗaga auren har iyali su daidaita. Ni kuma na san Serah. In aka ɗaga, ba za ta jira a daidaita ba, za ta ajiye zoben ta tafi, don ta riga ta gaji da zama abin nuni. Saboda haka auren ƙanenka yana cikin wayar da ke aljihunka.

Ba roƙonka nake yi ba, Yaya, gaskiya nake gaya maka. In ka aiko wani ya tashi ranar Lahadi mai zuwa, zan sake tashi. In ka sake aikowa, in sake tashi, har mutanen Kagoma su haddace labarin. Zancen in bar judo kuwa, da ka sa Mama ta yi mini, ka cire shi daga ranka. Shekarata talatin da ɗaya, ni na san inda ke mini ciwo. A watan Janairu zan sa rigata in hau katifa, kuma wadda zan fara kamawa Serah ce. Ta ce ba za ta iya sake taɓa ni ba, na ce mata in ba ita ba, to ba kowa, sai ta zaɓa. In ta sake danne ni na ji ciwo, zan buga katifa da ƙarfi har na bakin titi ya ji. Abin da ciwon nan ya canza a kaina ke nan, ba wani ba.

Saura magana ɗaya. Ranar biki za a ajiye kujerar uban ango a gaba, kusa da ta Mama. Ƙanen Baba, wato Baba Obadiah, ya ce in ba ka zo ba shi zai zauna don a rufa asiri. Na ce masa ya yi haƙuri, ba za a rufa ba, Justin ma ya goyi bayana. Kujerar taka ce. In ka zo, ni da kaina zan share ta in kai ka. In ba ka zo ba, ba wanda zai zauna a kai. Haka za a bar ta a gaban jama'a, haka mai hoto zai ɗauke ta, kuma hoton ne 'ya'yan Justin za su taso su gani a bango su tambayi wa ya kamata ya zauna a wurin. Ina ƙaunarka, kai ka goye ni zuwa makaranta lokacin da rafi ke cika, shi ya sa ba na so a ba su wannan amsa da sunanka.

Ka gaishe mini da Anti Catherine da kyau, ka ce mata na ga saƙonta na addu'a, na gode. Ka gaishe da Kevin da Lucy, a ce wa Lucy tela yana jiran awonta na rigar 'yan rakiyar amarya. Mama tana gaishe ku, ta ɗaura muku citta da acca a hannun Endurance. Baba Obadiah yana gaisuwa. Anti Milka ba ta yi mini magana ba tun jiya, amma na san tana gaishe ka. Justin bai san na rubuta ba. Serah kuma, da na ce mata zan rubuta, cewa ta yi in gaishe da Yaya.

Allah ya kiyaye ku, ya kawo ku gida lafiya.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Doreen