Ƙofar Ajin da Na Bari a Buɗe

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa na makarantar da nake koyarwa, unguwar Sarkin Dawaki, Jalingo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

"Malama, ɗauki allinki ki koma aji, magana ta ƙare." Haka ka ce mini ranar Laraba a ofishinka, ranka ya daɗe, bayan na yi mako biyu a gida ina jiran a kore ni. Na gode. Tun ranar nake cin abinci ina jin ɗanɗanonsa. Sai dai da baki aka wanke ni, tuhumar kuwa a rubuce take, shi ya sa na rubuto, kuma a fili, don iyayen yara su san abin da ya faru.

Na farko, laifina. Ina koyar da insha'in Turanci a babban aji biyu na sakandare. Makarantarmu tana da jerin kalmomin nahawu da na adon harshe, shafi shida, da ake haddacewa da Turanci. Yaran suna rera su da daɗi. Ka tambayi ma'anar kowace kalma, za su kawo maka ita har da waƙafi. Ka ce su rubuta misali ɗaya, sai kowa ya tuna bironsa ya ƙare. Ranar da abin ya faru muna kan abin da Hausa ke kira mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum. Na maimaita ma'anar da Turanci sau uku, fuskoki ba su motsa ba. Sai na ce da Hausa, "Ba ku taɓa jin an ce kogi ya ci mutum ba? Kogi yana da baki ne?" Wata ɗaliba 'yar garin Lau ta ce ai nasu kogin har fushi yake yi da damina. Kafin a kaɗa ƙararrawa kowa ya rubuta jimla biyu da Turanci mai kyau. Mataimakin shugaban makaranta yana wucewa ya ji ni. Washegari aka ba ni takardar tuhuma: na yi banakula, wato yaren gida, a aji.

Na biyu, abin da kowa ya sani amma ba a faɗa. Duk malamin makarantar nan yana bayani da Hausa. Dole ne. A ajina akwai mai Mumuyanci a gida, akwai mai Fillanci, akwai mai Jukunanci, Hausa ce kaɗai ta haɗa su. Al'adar ita ce malami ya tura ƙofa, ya rage murya, ya yi bayaninsa, sannan ya buɗe a ci gaba da rera Turanci yadda za a ji har bakin titi. Ni ma shekara bakwai haka nake yi. Ranar nan zafi ya yi yawa, ba wuta, wata yarinya tana jin jiri, sai na bar ƙofar a buɗe. Digirina bai koya mini cewa ilimi yana halatta ne idan an rufe ƙofa ba, a nan na koya.

Na uku, zaman kwamiti. Ka karanta tuhumar, ka juya wurin mataimakin shugaba ka ce kai ɗan kasuwa ne, a bayyana maka wannan kalma ta mutuntarwa da ake rigima a kanta. Ya kawo ma'anar da Turanci ba tuntuɓe. Ka ce ba ka gane ba. Ya sake. Ka ce har yanzu. Sai ya matso da kujera, ya rage murya, ya ce, "Alhaji, kamar a ce kasuwa ta yi barci ne." Na lura kafin ya faɗa sai da ya waiwayi ƙofa. Ban yi dariya ba, kuma ina fata a rubuta mini wannan cikin ayyukana na kirki.

Ba na riƙe da shi a zuciya. Doka ya samu, ya bi ta. Roƙona uku ne. A cire takardar tuhumar daga fayil ɗina, don wanda zai gaje ka fayil zai karanta, ba zai ji abin da ka faɗa ba. A rubuta cewa malami yana iya bayani da Hausa idan ya ga an kasa ganewa, muddin aikin da yaro zai rubuta da Turanci ne. Sannan a bar mu mu ƙara wa shafukan nan shida fassara da misalai daga abin da yaran suke gani, gona da kogi da tasha. Ni da malamin Hausa mun riga mun fara.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya albarkaci zuriyarka da kasuwarka.

Abu ɗaya ban faɗa maka ba. Ranar Laraba da takardar ajiye aiki na shigo a jakata, don gara in tafi da ƙafata. A bayanta na fara tsara wannan wasiƙa. Da na fito na ja ƙofar ofishinka a hankali har ta rufu, na nufi aji. Ta ajin kuwa na tokare ta da dutse.

Wassalam.

Malamar Turanci, babban aji biyu.