Hoton Baffa a Bangon Tasha

Yalwawa, Dutse
Litinin

Zuwa ga Adda Hindatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da su Rukayya. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Wayarki a kashe take, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Adda, idan Baffa ya iso Taura da shanun, kada ki bari ya shiga kasuwa.

Kin san Fa'izu, ɗan maƙwabcinmu mai jin kansa darakta. Watan jiya ya lallaɓi Baffa ya fito a fim ɗinsa. Labarin wani tsoho ne da ya riƙa nuna wa 'yan bindiga gidajen mutane lokacin yaƙi, ya gudu ya ɓuya cikin makiyaya, ake farautarsa. A fim sunan tsohon Yahuza. To Baffa ko sau goma aka kira Yahuza ba ya waiwayowa, wai ba da shi aka yanka masa rago ba. Sai shashashan nan ya ce a bar masa sunansa na gaskiya.

Suka buga takardu da hoton Baffa, wai ana nemansa ruwa a jallo, suka manna a bangon tasha. Aka gama ɗauka, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya ɓalle su. Yanzu hoton yana yawo a wayoyi. Ni da na koyi karatu a jikin allunan shaguna, yau na tsaya ina haɗa sunan ubana baƙi bayan baƙi, a ƙasa an rubuta maci amana. Babu inda aka ce fim ne.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Mu'az

Yalwawa, Dutse
Laraba

Adda Hindatu,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kun tashi lafiya. Na ga amsarki. Wato Baffa ya ce mai laifi ne yake ɓuya, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa sa'o'insa ya yi wasan kwaikwayo ba. Wallahi taurin kansa zai kashe ni.

Fa'izu ya fitar da bayani a waya. Wa ya kalla? Hoton ya riga shi nisa.

Ɗazu da hantsi mutum biyu suka zo ƙofar gida a babur. Baƙi ne. Babban ya yi sallama a hankali, ya ce 'yan'uwansa uku aka kashe a garinsu, kuma wani ne ya nuna gidan. Ko ɗaga murya bai yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na rantse masa fim ne, ya ce shi ganin tsohon kawai yake so ya yi.

Adda, kin san bakina. Raina ya ɓaci, na hau su da faɗa, na ce mutumin da yake can Taura yana sayar da shanunsa a gaban kowa, shi ne mai ɓuya? Sai da suka kalli juna na ji abin da na faɗa.

Na sanar da 'yan sanda. Ina biye da wannan takarda a mota ta gaba, zan jawo Fa'izu ko a wuya ne. Ki kulle Baffa a ɗaki, in ya tsine mini na ɗauka. Baƙin nan sun tafi tun kafin in sami biro, kuma babur ba ya jiran fasinja.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Mu'az