Mukayyif ɗin Attajiri da Yatsuna Biyu

Utaibiyya, Makka, Zulƙida 1378

Yaya Hashimu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, da Maryama da yara? Ni lafiya lau nake, sai dai maƙwabcina ne ya rubuta mini wannan, domin hannuna bai warke ba.

Ina gyaran mukayyif, injin nan mai sanyaya ɗaki, a gidan wani attajiri, na ce kada kowa ya kunna wuta. Zafi ya ishe shi, ya kunna da kansa, fanka ta tsinke mini yatsu biyu. Ya ce, "Kada jininka ya ɓata mini darduma."

Yanzu injin ya mutu, ga alhazai cike da gidansa. Masu wannan sana'a ba mu da yawa, kuma duk na nuna musu hannuna. Babu mai zuwa ya gyara masa. Jiya attajirin ya zo ƙofata, gumi sharkaf. Na ce, "Wallahi ko sabo ka sayo daga Jidda, kai za ka kafa abinka."

Kada ka gaya wa Inna. Za ta ce in yafe, ni kuwa ban shirya ba. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Mahmudu